Ba A Faɗin Ranar Tafiya

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu bibiyar labarina. Na ga saƙonninku duka, har da na wadda ta rubuto cewa, "Juwairiyya, ko dai an ɗaura ne aka ƙwace miki waya?" Allah ya shirye ki! Ba a ɗaura komai ba. Shirun da na yi, abin da ya taso min ne ya fi ƙarfin yatsuna. Amma yau na tashi na ji ƙirjina sakayau, na sha kunun gyaɗa har da ƙari, na jawo tabarma gindin mangwaron tsakar gidanmu inda sabis ya fi kamawa, na ce bari in zazzage muku komai.

Ga wanda yau ya fara shigowa, ni 'yar Birnin Gwari ce, gidanmu na unguwar Magajin Gari. Na yi karatun kwamfuta a Zariya na dawo gida. Innarmu Saude sana'arta zuma. Ƙaninta, Kawu Nababa, shi ke da amya a bakin daji can wajen Randagi. Shi zai ɗebo ya ɗauro jarkoki a mashin, Inna ta tace ta ɗura a kwalabe, ni kuma in nemo masu saye ta waya. Sai Abdulfattah, ɗan Kaduna, mai gina wa mutane shafukan intanet, wanda ya ce yana so na. Baba ya bincika ya ce ya yarda da tarbiyyarsa. Gwaggo Fatsuma kuwa, yayar Baba, ta ɗauki maganarsa ta ɗora a ka sai ka ce ita za a kai. Baba ya ce kafin Babbar Sallah yana son amsata: ko a ce masa ya turo iyayensa, ko in sallame shi ya nemi wata.

"Ba zan miki dole ba," in ji Baba, "amma ba zan bari ki shanya ɗan mutane a ƙofar gidana ba."

Ina son sa, wannan ba sai na rantse muku ba. In wayata ta yi ƙara na ga sunansa, har kunnuwana sai sun yi zafi. To me ya riƙe ni? Shafin zumar Inna ne. Ku yi dariya in kun ga dama.

Ni na fara cewa mu buɗe shafi, don na gaji da "turo hoto, turo farashi" daga safe har yamma. Shafi kuwa ba a iska ake gina shi ba. Akwai manhajar da ake ɗora shi a kanta, ta cikinta mutum ke shiga ya sa hoto, ya canza farashi, ya goge abin da ba ya so. Ina cikin dube-duben wadda za ta dace da mu, na yi kuskuren neman shawararsa.

"Haba Juwaira!" ya ce. "Ina raye ki je ki ɗauki ta kowa-da-kowa? Ni zan rubuta miki taki da hannuna, wadda babu mai irinta a faɗin Najeriya."

Ya kuwa rubuta. Kyau kam ba a magana. Kana buɗewa kwalbar zuma ta fara juyawa a hankali, zumar na tsiyaya ruwan zinare, har sai ka haɗiyi yawu. Ranar da na nuna wa Gwaggo sai da ta rangaɗa guɗa, ta ce ko don wannan kwalbar ya ci a ba shi mata. Matsalar ɗaya ce: babu ƙofar da ni zan shiga. Farashi ya tashi, sai na tura masa. Ƙananan kwalabe sun ƙare, sai na tura masa. Harafi ɗaya ya karkace, sai na jira ya tashi daga aiki.

"Ba ni kalmar sirrin mana," na rubuta masa wata rana.

"Babu wata kalmar sirri, ranki ya daɗe. A cikin rubutun manhajar nake gyarawa. Kar ki wahalar da kanki, ki turo min kawai. Ai ni da ke ɗaya ne."

Gwaggo ta ce wannan shi ne so tsantsa. Ni kuwa sai in yi tsuru ina kallon silin. Ni fa na karanta abin nan. Zumar uwata ce, tunanina ne, amma sai na nemi izini kafin in taɓa. Yau shafi ne. Gobe in an kai ni Kaduna fa? Sana'ata, wayata, zuwa ganin Inna, duk "ki turo min kawai" za su koma? Ba mugu ba ne, wallahi ba mugu ba ne. Irin mutanen nan ne da in suna son ka sai su karɓe maka kaya, har su manta kai ma kana da hannu. Wannan tsoron ne ya hana ni ba Baba amsa.

Yanzu sai na tsaya na yi wa 'yan birni bayani, don in ba haka ba ba za ku gane abin da ya biyo baya ba. Mu a nan ba a faɗin ranar tafiya. Alhamdulillahi an samu sauƙi, kasuwa ta dawo, motoci na bin hanya, amma shekarun da muka wuce sun koya mana abin da ba ya fita daga jiki. Mutum zai ce maka "sai wani lokaci," ko "in Allah ya nufa cikin satin nan," amma ba zai ce Laraba da safe ba. Ko a waya ba a faɗa da ƙarfi. Kawu ma, Inna kaɗai yake gaya wa ranar zuwansa, ita ma don ta tanadi kwalabe. A wurinmu in ka gaya wa mutum ranar da ɗan'uwanka zai bi hanya, ka riga ka shigar da shi cikin gida. Ni kuma a wata hira mai daɗi, ina kwance ina wasa da jelar kitsona, na ce wa Abdulfattah, "Kawu zai shigo Laraba da sabuwar zuma, Juma'a ya koma." Na faɗa masa ne don na ɗauke shi namu. Shi kuma ya ji labarin kasuwanci.

Ranar Talata da hantsi ina bakin rijiya ina wanke kwalabe, ɗaure da tsohon zanin atamfata, hannu duk kumfa, sai saƙo ya shigo. Madam Alice ce, wata mai sayen zumarmu a Kaduna.

"Sannu Juwairiyya. Na gani a shafinku gobe baban nan mai jan mashin zai kawo sabuwa daga Randagi. A ajiye min manyan kwalabe."

Na karanta, na sake karantawa. Wane baba mai jan mashin? Na goge hannu a zani na buɗe shafin. Ya tsaya yana ta lodi, don kwalbar nan mai juyawa ba ta san halin sabis ɗinmu ba. Na haye kan turmin Inna na ɗaga wayar sama. Da ya buɗe, wallahi sai da turmin ya yi rawa da ni.

Hoton Kawu ne ɓaro-ɓaro, wanda na taɓa tura wa Abdulfattah don mu yi dariyar hular sanyin da ya sa cikin zafi. Ga fuskarsa, ga jarkoki, ga jan mashin, har lambar ana karantawa. A ƙasa an rubuta da manyan baƙi: "Daga daji kai-tsaye zuwa gidanka! Ranar Laraba da sassafe Malam Nababa zai taso daga Randagi da sabuwar zuma, ya koma Juma'a bayan an sallame shi. Yi odarka yanzu!"

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar zuwa, ranar komawa, da sanarwar cewa zai koma da abu a aljihu. Kuma tun jiya aka sa, har an fara yaɗawa.

Kafin wata ta ce ai ni ma ga shi na tona a nan, sunan Kawu da launin mashin ɗin duk na canza muku. Ba a yi min sau biyu.

Na kira Abdulfattah, a kashe. Na sake kira, a kashe. Sai na tuna ya ce ranar yana aikin kula da kwamfutoci a wata cibiyar jarrabawa, kuma a can karɓe wayoyi ake yi sai an tashi. Na kira Kawu, shi ma ba ta shiga, don ƙauyensu sai mutum ya hau tudu yake samun sabis. Na tsaya a kan turmi da waya a hannu, ni mai takardar kwamfuta, ina kallon hoton kawuna a shafin da ake cewa nawa ne, ko ɗigo ba zan iya gogewa ba. Ban taɓa jin na zama banza irin na ranar ba.

Inna na rumfa tana tace zuma da farin ƙyalle. Ni ce 'yar farinta, ba ta kiran sunana, ba ta ma cika kallona ido cikin ido ba. Ranar kam ta kalle ni.

"Ke, lafiya kike tsaye a kan turmi kamar an dasa ki?"

Na sauko na karanta mata. Ta saki ƙyallen ya faɗa cikin roba, ta zame ta zauna a ƙasa daɓas, zuma na bin hannunta har gwiwar hannu.

Ana haka sai ga Gwaggo ta yi sallama, sanye da leshinta ruwan goro da mayafi mai duwatsu, ta fito daga wani suna ta biyo ta yi min wa'azin da ta saba.

"To 'yar nan, an yanke shawara ko sai mun tsufa? Me ya samu Saude?"

Na miƙa mata wayar.

"A'a, ga Nababa a intanet! Kin gani ko? Yaro mai basira, talla ya yi mu—"

Sai ta kai kan rubutun. Na ga leɓenta na motsi tana haɗa baƙin. Gwaggo fa ɗanta na biyu ya taɓa yin sama da wata a daji a hannun mutanen nan masu garkuwa, a hanya aka tare su. Har yau in mashin ya yi ƙara da ƙarfi sai ta dafe ƙirji. Ta miƙo min wayar a hankali, ta nemi bakin rijiya ta zauna, leshi da komai.

"Goge shi," ta ce. "Maza goge shi."

"Ba zan iya ba, Gwaggo. Shi kaɗai ke iyawa."

"Ba naki ba ne?"

"Haka ake cewa."



Baba ya dawo daga kasuwa aka gaya masa, ya juya ya fita neman wanda zai nufi wajen Randagi a ba shi saƙo. Babu wanda ya ɗora tukunya. Na bi duk wanda na ga ya yaɗa hoton ina roƙo ya cire, wasu suka cire, wasu suka turo min alamar dariya suna tambayar ko zumar ce ta ƙare.

Sai bayan La'asar wayata ta yi ƙara.

"Juwaira, na ga kiranki rututu. Kin ga abin mamakin da na yi miki? Oda ta ninka fa!"

"Sauke shi."

"Me? Hoton ne bai yi kyau ba? Ai mutane na son su ga asalin—"

"Abdulfattah, ka rubuta wa duniya ranar da kawuna zai ratsa daji shi kaɗai, da ranar da zai koma da kuɗi. Ka sa fuskarsa da lambar mashin ɗinsa. Ka san su wa ke da waya a dajin nan? Inna na zaune a ƙasa tun hantsi. Tun hantsi nake kallon abin nan ba ni da ikon taɓa shi. Ka sauke, don girman Allah!"

Sai na ji ya ce "Ya Salam" a hankali, na ji ƙarar maɓallan kwamfuta. Kafin in sauke numfashi ya ce ya cire.

"Juwaira, wallahi ban—"

"Na san ba ka sani ba. Shi ya sa bai kamata a ce kai kaɗai ke riƙe da shi ba. Kar ka kira ni tukuna."

Na kashe na shige ɗaki na yi kuka mai isata. An cire, amma wa ya san idon da ya riga ya gani?

Gab da Magariba gari ya haɗe, iska ta taso tana kaɗa kwanon rumfa, mangwaro na zubowa tim-tim. Ina kwashe shanya sai na ji ƙarar mashin a ƙofar gida. Ƙarar nan ko cikin barci na san ta, salansar ta fashe tun bara. Na saki kayan a ƙasa.

"Salamu alaikum! Ku zo ku kama min jarkokin nan kafin ruwa ya sauko!"

Kawu ne. Kawu Nababa da hular sanyinsa, ƙura har gira, lafiya lau.

Inna ta taso da gudu ba ɗankwali, ta riƙe hannun rigarsa gam. Gwaggo ta ɗaga hannu sama tana ta hamdala tana hawaye.

"Kai, wa ya mutu?" in ji Kawu.

"Ba gobe ka ce ba?" Inna ta samu ta ce.

"Gobe na ce. Na ga hadari ya haɗo ta gabas, na ce in ruwan nan ya sauka rafi zai cika, sai in kwana uku ban haye ba. Shi ne na ɗauro na taho. Yaya, sakar min riga mana, za ki yaga."

Jama'a, ban san lokacin da na zauna a kan jiƙaƙƙen wanki ina dariya ina kuka ba. Ruwa ya ɓarke, babu wanda ya gudu. Ranar tuwon masara da miyar kuka muka ci a makare, amma ban taɓa cin mai daɗinsa ba.

Da aka ba Kawu labari ya daɗe yana sosa gemu. Ya ce a nuna masa hoton, na nuna masa wanda ke wayata. Ya ce, "Duk hotunana a rasa wanda za a kai duniya sai mai hular nan?" Amma dariyar ba ta kai idonsa ba. Jan mashin ɗin ya bar shi a zaurenmu ya karɓi na Baba, ya koma wata rana da ku ma ba zan gaya muku ba.

Baba bai tambaye ni komai ba a kwanakin nan. Abin mamaki, Gwaggo ma ta yi shiru. Abdulfattah bai kira ba, kamar yadda na ce. Na riƙa duba waya ina jin haushin bai kira ba. Ku bar ni, na san ba ni da gaskiya.

Ranar Asabar da safe ina shara, fuska ba ko hoda, kai ba gyara, sai aka yi sallama a zaure. Baba ya leƙa ya dawo yana gyara hula.

"Baƙonki ne na Kaduna."

Oh ni Juwairiyya! Mutumin da duk zuwan da ya taɓa yi sai ya yi sati yana sanar da ni, yana tambayar yanayin hanya? Na faɗa ɗaki na zura doguwar rigata ruwan toka, na zizara kwalli, na yafa babban mayafi. Gwaggo da ta kwana gidanmu tana ta faɗa, wai wane irin baƙo ne ba sanarwa, ko waina ba a soya ba.

Na same shi a kan tabarma cikin farin yadi duk ya yamutse da zaman mota, jakar kwamfuta a cinya. Ya rame, ko kuma idona ne. Kafin ya ce min komai ya nemi a yi masa iso wurin Inna. Ya durƙusa a bakin rumfa, kai a ƙasa.

"Inna, na yi ganganci da ran ɗan'uwanki. Ba ni da hujja. Ki yafe min."

Inna ta juya baya tana jera kwalabe. "Allah ya tsare gaba," ta ce. A bakin Inna wannan doguwar magana ce.

Muka koma zaure. Ya buɗe kwamfuta ya juyo da ita wajena.

"Wanda na rubuta na rushe shi. Ban zo in gina miki wani ba. Na zo ki zaɓa, ni in yi dako."

Ya nuna min wata manhaja da ake biya duk wata, komai a shirye, sai dai ka ja hoto ka ajiye. Na tambaye shi in mun tashi ƙaura za mu iya kwashe kayanmu? Ya ce da wahala, wasu abubuwan sai dai a sake daga farko. Na ce a wuce. Ya nuna min wata babba, irin ta jami'o'i da ma'aikatu, ya fara zuba bayani idonsa na ƙyalli. Na bar shi ya gama, na ce, "Zuma muke sayarwa, Malam, ba ɗalibai muke ɗauka ba." Ya yi dariya, karon farko tun zuwansa.

Ta ƙarshe WordPress ce, wadda tun farko ita nake hari kafin ya ce ta kowa-da-kowa ce. Na harare shi, ya sunkuyar da kai.

"Zan iya cire abu da kaina daga waya?" na ce.

"Gwada."

Muka ɗora shafin gwaji marar kwalba mai juyawa, hoto ɗaya da rubutu kawai. Na ɗauki wayata na shige cikin gida har bayan madafi, inda sabis ya fi ko'ina rowa. Gwaggo na bi na da ido tana tambayar ko aljanu ne. Na shiga, na danna, na mayar da shafin ɓoye. Ya ɗan yi tunani, sai ya ɓace. Na dawo da shi, na sake ɓoye shi. Na tsaya a wurin, kusa da tokar murhu, ina kallon wayar. Da ina da wannan ikon ranar Talata, da Inna ba ta wuni a ƙasa ba.

Na dawo zaure na zauna nesa da shi kaɗan, na yi tambayar da ta fi ci min rai.

"In na ce ba na yi da kai fa? Shafin ya mutu ke nan?"

"A'a. Shi ya sa wannan ta fi tawa. Ko Zariya kika shiga za ki samu masu iya ta da yawa, ke kanki sati ɗaya ya ishe ki. Sunan shafin da wurin ajiyarsa duk na mayar kan imel ɗinki tun jiya. In kin kore ni yau, ba abin da zai tsaya." Ya kalli tabarma. "Sai ni."

Na yi kamar ban ji ba, amma kunnuwan nan nawa suka tona ni.

Da aka zo sa kalmar sirri ya miƙe tsam ya fita ƙofar gida, ya tsaya yana kallon awakin maƙwabta kamar ya zo saye. Na sa abata ni kaɗai. Da ya dawo na nuna masa wurin da ake ba mutane matsayi. Akwai mai iko da komai, wannan ni ce. Akwai edita, mai iya sakin rubutu da kansa. Akwai na can ƙasa, wanda zai rubuta amma ba ya fita duniya sai an duba an amince.

"In sa ka edita?" na ce. Har ga Allah gwada shi nake yi.

"A'a. Sa ni a na ƙasan."

"Kai da ka fi ni iyawa?"

"Na fi ki iya kwamfuta. Ban san hanyarku ba. Abin da na ɗauka talla, a nan ran mutum ne. Ki sa ni inda sai kin gani tukuna, har in koya."

'Yan'uwa, maza sun sha gaya min kalamai. An ce min tauraruwa, an ce min sanyin idaniya. Babu wanda ya taɓa shiga raina irin "sa ni a na ƙasan." Na ja mayafi na rufe fuska wai ƙura ce ta shiga idona, a zauren da na share da hannuna.

Da zai tafi Inna ba ta fito ba. Amma da ya ɗaga jakarsa ya ji ta yi nauyi, ya buɗe ya ga kwalbar farar zuma, irin wadda ba ta sayarwa, wadda take ɓoye wa masu jego da marasa lafiya. Gwaggo ce ta saka, amma kowa ya san wa ya ba ta.

Bayan La'asar Baba na kan darduma yana murɗa rediyo, ya kira ni. Na durƙusa.

"To, Juwairiyya?"

"Duk abin da ka yanke, Baba."

"Ba abin da na tambaye ki ke nan ba."

Na kalli ƙasa, na kalli lallen ƙafata da ya fara gogewa. Na nemi tsoron nan da na daɗe ina ɗauke da shi, na rasa inda ya shiga.

"A ce... a ce ya turo."

Ban rufe baki ba guɗa ta tashi daga bayan katangar madafi, inda Gwaggo ta laɓe wai tana tsintar shinkafa. Baba ya yi murmushi ya ƙara muryar rediyo. Inna kuwa ta shige ɗaki ta jawo ƙofa, amma na ga kafaɗarta na rawa.

Shafin na nan yana aiki. Babu hoton mutum ko ɗaya, babu sunan ƙauye, babu rana. In zuma ta iso sai in rubuta "ta iso," bayan mai kawowa ya sha ruwa ya huta. Abdulfattah ya turo rubutunsa na farko yana jiran amincewa, na cire masa layi guda na saki sauran, ya turo min "Na gode, shugaba."

Kwana huɗu da suka wuce kuma ina gindin mangwaron nan saƙonsa ya shigo.

"Na gaya wa su Abba. Za su zo gaisuwa, da baffanina."

Gabana ya faɗi. Ga zaure na son fenti, ga kitsona ya tsufa, ga Gwaggo ta ce sai an yi dambun nama da alkaki.

"Yaushe?" na rubuta.

Na ga yana rubutu, ya tsaya, ya sake farawa.

"Haba Juwaira. Ba a faɗin ranar tafiya."

Na turo masa harara, na turo roƙo, na ce ni ce fa mai iko da komai. Ya ce wannan a shafi ne. Na kai ƙara wurin Inna, ta ce yaron ya yi hankali. Don haka tun ranar kullum da asuba nake share zaure in yayyafa ruwa in kunna turaren wuta, Gwaggo ta soya waina ta huce mu cinye da kanmu, ni kuma ina zaune da kwalliya tun safe kamar mai jiran hoto.

Ku dakata. Wata mota ce ta tsaya a ƙofar gida, kuma ba ƙarar motar unguwarmu ba ce. Wayyo, ina ɗankwalina?